Yadda Ake Karanta Tamburan Sauti na Kaset ɗin Bidiyo da Kwashe Su Cikin Kwamfuta

Duk wanda ya yi kallon kaset a Sakkwato a shekarun 1990 zai tuna ɗan hoton nan mai motsi da ke fitowa bayan rubutun gargaɗi da tallace-tallace, dab da fara fim: baƙin allo, sai haruffa su taso suna ƙyalli, wani amo kuma yana bin su. Yawancinmu mun ɗauke shi ado ne, har yara kan danna gaba don a wuce shi. Alhali kuwa wannan tambari bayani ne daga waɗanda suka buga kaset ɗin game da irin sautin da ke kan zaren, kuma wanda ya iya karanta shi ya san yadda zai haɗa na'urarsa, ya kuma san abin da zai yi asara idan ya kwashe kaset ɗin da garaje.

Abu na farko shi ne ka san cewa kaset ɗin VHS, wanda kamfanin JVC na Japan ya fitar a 1976, yana iya ɗaukar sauti a wurare biyu. Na asali wani siririn layi ne a gefen zaren. Da yake zaren yana tafiya a hankali ƙwarai, kimanin milimita 23 a daƙiƙa a tsarin talabijin na PAL da Najeriya ta ɗauka, wato rabin gudun kaset ɗin rediyo, sautin wannan layi yakan fito a dishe, da 'yar shuuu a ƙarƙashinsa, kuma galibi mono ne, wato hanya ɗaya ba hagu da dama. Na biyun shi ne Hi-Fi, wanda ya shigo kasuwa wajen 1984. Shi kawunan da ke jikin gangar nan mai juyawa a cikin na'urar bidiyo ne ke rubuta shi a can ƙasan siginar hoto, kuma tsabtarsa ta kusa ta faifan CD. Saboda haka idan ka ga an rubuta Hi-Fi Stereo a allo ko a jikin kwali, ana gaya maka cewa akwai wannan sauti na biyu, amma na'urar da ba ta da kawunan Hi-Fi ba za ta taɓa jin sa ba. Duba bayan na'urarka: idan ramin sauti ɗaya ne tak kusa da mai ruwan ɗorawa na hoto, to mono ce, idan akwai fari da ja, ka samu abin da ake nema.

Tambarin da ya fi yawa shi ne na Dolby, haruffan D guda biyu masu fuskantar juna a cikin akwati. Ray Dolby ne ya kafa kamfanin a Landan a 1965, kuma dole ne a lura da kalmar da ke biye da sunan, domin ita ce ke da ma'ana. Dolby Surround, wanda ya zo gidaje a 1982, yana nufin an cusa hanyoyin sauti huɗu, hagu da tsakiya da dama da baya, a cikin hanyoyi biyu na sitiriyo. Amfilifaya mai Pro Logic, tsarin da aka fitar a 1987, ita ce ke warware su, ta tura maganar 'yan wasa zuwa lasifikar tsakiya, ta kai ƙarar ruwan sama ko hayaniyar kasuwa zuwa na baya. In kuwa ka ga Dolby Digital ko DTS a jerin sunayen ƙarshen fim, kada ka wahalar da kanka nemansu a kaset, domin bayanin silima ne ya biyo hoton, VHS ba ya ɗaukar waɗannan.

THX kuma wani abu ne daban, kuma a nan mutane suka fi ruɗewa. Ba salon sauti ba ne. Shaida ce ta inganci da ta samo asali a kamfanin Lucasfilm a 1983 ƙarƙashin injiniya Tomlinson Holman, kuma idan ta fito a kaset tana nufin an sa ido a kan yadda aka shirya uwar kwafin da yadda aka buga sauran daga gare ta. Amon da ke rakiyar tambarin, wanda James Moorer ya haɗa da kwamfuta, yana farawa kamar gunjin ƙudan zuma daga nesa, muryoyin suna ta yawo ba tsari, sannan su ware sama da ƙasa su haɗu a wuri guda da ƙarfin da ke kaɗa gilashin taga. A ganina babu abin gwajin lasifika a kaset da ya kai shi, kuma zan koma kansa.

Sai dai tambari yana ba da shaida ne a kan kaset na asali, ba lallai a kan wanda ke hannunka ba. Kaset da yawa da suka yi yawo a shagunan haya kwafi ne da aka ɗauka daga bidiyo zuwa bidiyo, kuma tambarin yana bin hoton ya shige ko da na'urar da ta ɗauka mono ce. Na taɓa sayen wani kaset a hannun mai tsofaffin kaya, tambarin Dolby Surround ya fito tas a allo, na kwashe yamma guda ina sauya wayoyi ina zargin amfilifaya, ashe babu komai a zaren sai layin gefe. Gwajin mai sauƙi ne. Sa kaset, ka kalli fuskar na'urar: idan akwai sautin Hi-Fi, alamarsa za ta kama da kanta cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Sannan ka nemi maɓallin zaɓen sauti a rimot, ka sauya tsakanin Hi-Fi da Normal, ka saurara da abin kunne. Idan babu bambanci ko kaɗan, babu Hi-Fi a zaren, mai yiwuwa kwafi ne. Kada ka bar shi a kan Mix, domin yana haɗa sautukan biyu, maganar ta riƙa fita kamar daga cikin randa.

Kafin ka sa kowane kaset, duba shi ta tagar robar. Ƙurar hunturu ta garin nan tana shiga ko'ina, zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40 yana sa zare ya manne da juna, wanda kuma ya kwana a ɗaki mai yoyo da damina yakan yi farar fumfuna a gefen naɗin. Mai fumfuna kada ya shiga na'ura sam, zai toshe kawunan ya kuma shafa wa na bayansa. Mai lafiya kuwa ka ɓalle ɗan harshen robar da ke bayansa don kada a yi kuskuren ɗauka a kai, ka tura shi har ƙarshe, ka dawo da shi farko sau ɗaya domin naɗin ya saki. Idan kawunan na buƙatar wanki, gara ka kai wa tsohon mai gyaran rediyo da ya san aikin, saboda auduga tana kama bakin kan ta karya shi, samun wani kuma yanzu sai an tona.

Wajen haɗawa, yi amfani da wayoyin nan uku, ruwan ɗorawa da fari da ja, daga bidiyo zuwa 'yar na'urar kwashe hoto mai shiga ramin USB. Wayar eriya ba ta da amfani a nan, don mono take bayarwa. A manhaja irin su OBS Studio, zaɓi PAL, girman hoto 720 da 576, hoto 25 a daƙiƙa, sauti kuma sitiriyo a kilohaz 48. Kaset ɗin da aka zo da shi daga Amurka NTSC ne, yana buƙatar na'ura mai karɓar tsari fiye da ɗaya da kuma sauya wannan saiti. Muhimmin abu shi ne kada ka yarda manhaja ta haɗe hagu da dama su zama ɗaya. Sautin baya na Dolby Surround yana ɓoye ne a saɓanin da ke tsakanin hanyoyin biyu, kuma da zarar an haɗe su sai ya soke kansa ya ɓace, ba ya dawowa. In ka bar su biyu yadda suke, duk amfilifayar da ta san Pro Logic za ta iya warware su ko bayan shekaru.

Yanzu sai a koma ga tambarin kansa, domin da shi za ka daidaita ƙarfin ɗauka. Kashe abin da ke daidaita ƙara da kansa, ka kunna tambarin THX ko na Dolby, ka zuba ido a kan ma'aunin sauti. Inda amon ya kai ƙololuwa, ma'aunin ya tsaya ƙasa da ja da ɗan tazara. Idan ya taɓa ja, rage, ka maimaita. A daidai wannan lokaci ka saurari ko akwai wata 'yar ƙara kamar ta ƙwaro a bayan sautin, ko alamar Hi-Fi tana ƙiftawa. Wannan matsalar tirakin ce, wato daidaituwar kawunan da layukan da ke kan zare, sai ka gyara ta da hannu kaɗan-kaɗan har ƙarar ta lafa. Wani lokaci inda hoto ya fi kyau ba nan sauti ya fi kyau ba, musamman a kaset da ya sha haya. A irin haka nakan ɗauka sau biyu, in ɗauki hoto daga ɗaya, sauti daga ɗaya.

Farkon zare shi ne ya fi shan wahala, nan ne yake tattarewa idan na'ura ta tauna shi, kuma nan ne tamburan suke. Don haka ka danna ɗauka a kwamfuta tukuna, ka ƙirga biyar, sannan ka kunna bidiyo, don kada daƙiƙun farko su kuɓuce. Ka tabbata akwai sitabilaiza ko batir a tsakani, saboda ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki tana barin zare a naɗe jikin ganga. Idan ka gama, ajiye cikakken fayil ɗin ba tare da yanke komai ba, ka ciri tambarin a wani fayil daban, ka rubuta a sunansa abin da ke kwalin: kamfanin da ya buga, shekara, PAL ko NTSC, da kuma ko alamar Hi-Fi ta kama. Kaset ɗin kuma a dawo da shi farko, a mayar da shi kwalinsa, a jera shi a tsaye a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da lasifika, domin maganaɗisun da ke cikinta yana cin abin da ke kan zare.