Kurakuran da ake yi game da ƙarancin jini da bitamin

Da zarar mutum ya fara kasala da jiri, yana haki in ya ɗan yi tafiya, aka ja fatar idonsa ƙasa aka ga cikin ya yi fari fat, sai a ce ya sha maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe. Kuskuren farko ke nan. Jajayen ƙwayoyin jini kimanin kwana 120 suke yi su mutu, don haka ɓargo kullum yana cikin ƙera sababbi, kuma ba ƙarfe kaɗai yake buƙata ba. Sai da bitamin B12 da folik asid, wato B9. In suka yi ƙaranci, ƙwayoyin kan fito manya-manya ba su nuna ba, su lalace da wuri. Mai irin wannan ko ya shekara yana shan ƙarfe ba zai farfaɗo ba. A fara da gwajin jini mai nuna girman ƙwayoyin, kafin a sayi magani.

Wanda ya fi damuna shi ne shan folik asid barkatai ba a auna B12 ba. Folik asid yana iya gyara jinin, mutum ya ji ƙarfi, sakamakon gwaji ya yi kyau, alhali rashin B12 na ci gaba da cin jijiyoyinsa. Tafin ƙafa ya riƙa yi kamar ana tsira masa allura, yatsu su mutu, tafiya ta koma tangaɗi musamman cikin duhu, mantuwa ta shigo. In aka jima, wata ɓarnar ba ta gyaruwa. Duk mai waɗannan alamu ya faɗa wa likita, a auna bitamin ɗin biyu tare.

Wasu kuma su ce ai suna cin nama da ƙwai da madara, ina za su rasa B12? Ci daban, jiki ya tsotsa daban. Tumbi yana fitar da wani furotin da B12 ke maƙalewa kafin hanji ya karɓe shi. Tsufa, tiyatar ciki, da daɗewa ana shan Metformin na ciwon suga ko Omeprazole na gyambon ciki duk suna rage tsotsar. Kuma hanta na ajiye B12 na shekaru, shi ya sa matsalar ke zuwa a hankali ba a ankara ba. Wanda jikinsa ya daina fitar da furotin ɗin, galibi allura ake yi masa, wani har ƙarshen rayuwa. Kada ya bari don ya ji sauƙi.

A kicin ma ana ɓarna: ganyen da aka tafasa har ya narke ya rasa kaso mai yawa na B9 ɗinsa. Shayi tare da abinci yana rage tsotsar ƙarfe, lemon zaƙi kuwa, saboda bitamin C, ƙara ta yake yi.

Mace mai niyyar ɗaukar ciki kada ta jira sai ta fara awo. Maikirogiram 400 na folik asid a kullum ake so ta fara tun kafin cikin, domin lakar jariri tana haɗuwa ne cikin kwana 28 na farko.