Yadda ake zaɓar tsibirin hutu: Zanzibar ko Mauritius?

Yawancin masu shirin zuwa tsibiri karon farko da hoto suke fara zaɓe. Su buɗe waya, su ga farin yashi da shuɗin ruwa, su ce nan za su. Ai ko wane tsibiri yana da irin wannan hoton. Na ga mutane da dama sun kashe kuɗin da suka daɗe suna tarawa, sun dawo suna cewa tsibirin bai yi ba, alhali tsibirin ba shi da laifi, watan tafiya suka zaɓa ba daidai ba, ko kuma suka sauka a ɓangaren da bai dace da su ba. Zan yi misali da Zanzibar da Mauritius, dukansu a Tekun Indiya, amma haka za ka bi da kowaɗanne tsibirai biyu.

Mataki na farko: tsayar da watan tafiya kafin komai. Wata ne zai zaɓa maka rabin amsar. Babbar daminar Zanzibar daga Maris take zuwa Mayu, kuma a Afrilu ruwa na iya wuni yana zuba. Akwai ƙaramar damina wajen Nuwamba. Ita kuwa Mauritius lokacin guguwarta daga Nuwamba ne zuwa Afrilu, ya fi tsanani daga Janairu zuwa Maris. Saboda haka wanda hutunsa ya faɗo a Fabrairu, Zanzibar zai nufa. Wanda nasa ya faɗo a Mayu, Mauritius. Otal-otal sukan karya farashi a lokacin ruwa, kuma rangwamen yana da jan hankali, amma ni ba na ba mai zuwa karon farko shawarar bin wannan arahar. Daga Yuni zuwa Oktoba duka biyun suna da kyau, nan ne zaɓen ke zama aiki.

Mataki na biyu, wanda a nan aka fi faɗuwa: zaɓi gaɓar da za ka zauna. Tsibiri ba wuri ɗaya ba ne. A gabashin Zanzibar, wato Paje da Jambiani da Matemwe, teku yana janyewa sau biyu a kowane kwana, kuma ba ƙaramin janyewa ba. Ruwan yakan ja baya har sai ka yi doguwar tafiya a kan yashi da duwatsun murjani kafin ya kai maka gwiwa. Mutum ya biya ɗaki mai kallon teku, ya fito da hantsi da shirin ninkaya, ya tarar ruwa yana can nesa, mata na aikin ciyawar tekun da suke nomawa a inda ya zaci zai yi iyo. Abin kallo ne mai kyau ƙwarai, kuma akwai waɗanda don shi suke zuwa, amma in da yara ka zo masu son shiga ruwa a duk lokacin da suka ga dama, hutun zai yi musu tsawo. Lokacin janyewar yana matsawa gaba da kusan minti 50 kullum, kuma ya fi ƙarfi a ranakun tsayuwar wata da tsakiyarsa. Nemi jadawalin cika da janyewar teku na ranakun da za ka yi, yana nan kyauta a intanet, ka duba shi kafin ka biya ko sisi. Mai son ninkaya ya tafi arewa, Nungwi ko Kendwa, inda ruwa ba ya gudu haka. Dokata ke nan, ba na canza ta.

A Mauritius matsalar ba janyewar ruwa ba ce, don murjani ya kewaye yawancin tsibirin, ruwan bakin gaɓa kuma a kwance yake. Iska ce. Daga Yuni zuwa Satumba iskar kudu maso gabas tana kaɗa gabas da kudancin tsibirin, Belle Mare da maƙwabtanta, har zama a bakin teku da yamma ya gagara sai da rigar sanyi. A waɗannan watanni ka nemi yamma ko arewa, Flic en Flac ko Grand Baie. Hotunan otal ba za su gaya maka wannan ba. Karanta ra'ayoyin baƙin da suka sauka a otal ɗin a daidai watan da kai za ka je, ka ƙyale sauran.

Mataki na uku: tambayi kanka me za ka yi bayan kwana biyu na farko, domin zama a yashi yana gundura. In tarihi da yawon ƙafa kake so, Zanzibar ta fi. Tsohon garinta, Stone Town, wanda UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 2000, lunguna ne da ƙofofin katako masu sassaƙa da masallatai, ga gonakin kanumfari da dajin Jozani mai jajayen birai. In kuwa tuƙi da hawan dutse kake so, Mauritius ce: hanyoyinta sun fi kyau, akwai gandun Black River Gorges da dutsen Le Morne, mafakar bayin da suka gudu, wanda shi ma ya shiga jerin a 2008. A hannun hagu ake tuƙi a duka biyun.

Mataki na huɗu shi ne lissafi, kuma kada ka kwatanta kuɗin ɗaki kawai. Haɗa tikiti, da motar da za ta kai ka otal, da abinci, da kuɗin shiga ƙasa. Filin jirgin Mauritius yana kudu maso gabas, mai sauka a Grand Baie zai ratsa tsibirin kusan gaba ɗaya, kuma tasi ba arha ba. Zanzibar kuwa tun Oktoban 2024 ta wajabta wa baƙi 'yan ƙasashen waje inshorar dala 44, ban da biza. Duk da haka ta fi sauƙin kuɗi, musamman ga mai iya kwana a ƙaramin masauki. In tikitin Dar es Salam, birnin Tanzaniya da ke bakin teku, ya fi arha, ɗauke shi, jirgin ruwa zai tsallaka da kai Zanzibar cikin kamar awa biyu.

Sauran abubuwan kuwa na gaggawa ne. Duba ƙa'idar biza ta fasfonka a shafin hukumar ƙasar, kada ka dogara da ji-ta-ji-ta. Ka riƙe katin rigakafin cutar shawara in daga ƙasar da ake da cutar za ka taso. Ga likita game da maganin kariyar zazzaɓin cizon sauro in Zanzibar ce. Kama ɗakin da ake iya sokewa ba tare da asara ba, sayi tikiti, sannan ka daina buɗe hotunan ɗaya tsibirin.