Yadda Ake Hana Doki Karya Shinge

Mai doki a Kano ya fi sanin turke da dabaibayi, amma yanzu masu filaye a gefen gari, wajen Ungogo da Kumbotso, suna kewaye fili su saki dawakansu su wala. Hakan alheri ne ga dabbar, sai dai dokin da ya ɓalle ya hau titi mai cike da motoci da a-daidaita-sahu yana iya hallaka kansa, ya kuma jawo asarar rai.

Mataki na farko shi ne gano abin da yake tura dokin jikin shinge, domin ba ya karya shi haka kawai. Yawanci yunwa ce. An halicci doki da yin kiwo mafi yawan sa'o'in yini, kuma yana bukatar ciyawa ko harawa da ta kai kusan kashi 2 cikin 100 na nauyinsa kullum, wato kimanin kilo 7 ga doki mai kilo 350. Wanda ake ba dusa da dawa sau biyu, sannan a bar shi a fili fayau, zai miƙa wuya ta saman shinge yana neman ɗanyen ganye, ya danna da ƙirji har katako ya saki. A raba masa harawa kashi-kashi, a ajiye ta a tsakar fili nesa da shinge, kuma kada ruwa ya yanke, domin a zafin Afrilu yana iya shan fiye da lita 40 a rana. Kaɗaici ma dalili ne, tunda dabbar garke ce. Shi kuwa ingarma, idan ya ji ƙanshin goɗiya, shinge ɗaya ba ya tsare shi. A yi biyu, a bar tazarar kamar mita 3 a tsakani.

Daga nan sai gini. Tsayin shinge kada ya gaza mita 1.4 zuwa 1.5, na ingarma kuwa ya kai 1.8. A kafa ginshiƙai a tazarar da ba ta wuce mita 2.5 zuwa 3 ba, a binne kusan sulusin tsawon kowanne, a kuma ƙara wa na kusurwa da na ƙofa kauri, domin su ne suke ɗaukar nauyi. Babban abokin gaba a ƙasarmu gara ce, wadda take cinye gindin katako alhali samansa yana nan kamar lafiya lau. Shi ya sa na fi son bututun ƙarfe irin na Kasuwar Ƙofar Ruwa, a dasa shi da siminti, ko kuma azarar giginya da magabata suka daɗe da sanin juriyarta. Wanda ya sayi katako a Na'ibawa ya sa wa ɓangaren da zai shiga ƙasa maganin gara, amma kada ya shafa baƙin mai inda bakin doki zai kai.

Akwai kuskuren da kafintoci suke yawan yi: suna buga katakon gicciye ta waje don ya fi kyan gani. Ta ciki ake buga shi, ta gefen da dokin yake, yadda idan ya jingina zai danna katakon ne kan ginshiƙi maimakon ya tumɓuke ƙusa. Layi uku ko huɗu sun isa, a shafa wa na sama farin fenti don dokin da ya zaburo da magariba ya gan shi.

Waya mai ƙaya kuwa ina roƙon a nisance ta gaba ɗaya. Na taɓa ganin wani kili, wato farin doki, da ta yanke masa jijiyar ƙafar baya ana saura kwanaki kaɗan Hawan Daushe, bai sake ɗaukar sirdi ba. Doki idan ƙafarsa ta maƙale fizga yake yi, ba ya tsayawa a kwance shi.

Mai hali ya ja zaren lantarki na dabbobi a saman shinge ta ciki, da na'urarsa mai aiki da hasken rana, wadda take bugu kaɗan-kaɗan ba tare da ta yi lahani ba. Kada a kuskura a haɗa shi da wutar gida kai tsaye, kisa ne. Da rani ƙasa takan bushe ƙarfinsa ya ragu, sai a riƙa zuba ruwa a gindin sandar ƙarfen na'urar da ake kafawa a ƙasa.

Ranar da za a fara sakin doki, a yi da hantsi, a kama ragama a zaga da shi gefen shingen duka kafin a sake shi. A sa wa ƙofa sakata da sarƙa, domin wasu dawakan suna koyon buɗewa da leɓe. A kwanakin Sallah, lokacin da bindigogi suke tashi, a mayar da mai firgita barga. Sannan duk mako a bi ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya ana girgizawa da hannu, musamman bayan ruwan farko na damina, lokacin da ƙasa take laushi, ginshiƙin da gara ta ci yake fara karkata.