Kurakuran da yaranmu ke yi in za su hau duwatsun Azbin

A majalisarmu ta bakin kasuwar Maigatari kullum sai an yi gardamar nan, wai Sahara rairayi ce zalla da zafi. Shi ya sa yaran da ke tafiya neman zinare can gaba da Agadas suke haɗa jaka kamar masu zuwa cin rani Kano, singileti biyu da silifas, shikenan.

Babban kuskuren shi ne raina sanyi. Azbin, yankin duwatsun nan da ke arewa da Agadas, tudu ne fa, Kano ko mita 500 sama da teku ba ta cika ba, amma ƙololuwar dutsen Bagzan da ke cikin Azbin mita 2,022 ce, babu wurin da ya fi ta tsawo a Nijar, in ka leƙa Tibesti a arewacin Cadi kuwa ga Emi Kusi nan, tsohon dutse mai aman wuta, mita 3,415, shi ne sarkin duwatsun Sahara gaba ɗaya. Duk mita dubu da ka hau zafi na raguwa da kusan digiri 6, ga sama tas babu gajimaren da zai riƙe ɗumi, rana na faɗuwa ƙasa ta huce. Ɗan yayana da ya dawo cikin Janairu leɓensa duk ya tsattsage, ya ce Kawu wallahi hunturun gida wasan yara ne, ruwan buta sai da ya yi ƙanƙara da asuba. To a tafi da bargo mai kauri, rigar sanyi, safa, man shafawa, sannan rawani, Buzaye ba don ado kawai suke naɗa shi ba.

Silifas kuma a bar shi gida. Wurare da yawa baƙin dutse ne da ya narke ya daskare, kaifi kamar fasasshiyar kwalba.

Wanda ya fi ba ni tsoro kwana a cikin kori, wato busasshen rafi. Mutum ya gaji, ya ga rairayi mai laushi da inuwar bishiya sai ya shimfiɗa tabarma, alhali hanyar ruwa ce. Tsakanin Yuli da Satumba ana iya yin ruwa a kan dutse can nesa, kai ko yayyafi ba ka gani ba, dutse kuma ba ya shan ruwa kamar jigawarmu, duka yake gangarowa lokaci ɗaya. In za a kwana a hau gefe kan tudu, motar ma a fitar da ita, ko da direba ya yi ta mita.