Yadda Ake Hana Inji Shan Baƙin Mai ta Hanyar Numfashinsa

Kowane inji da ke aiki, akwai ɗan hayaƙin da ke silalewa ta gefen ringin fistin ya gangara ƙasa, inda baƙin mai yake kwance. In bai samu mafita ba, sai ya matsa wa sil da gaskit har su fara yoyo. Don haka aka yi bawul ɗin PCV, wato bawul mai fitar da wannan hayaƙin daga ƙasan inji, wanda jihar Kalifoniya ta wajabta wa sababbin motoci tun samfurin 1961. Aikinsa shi ne mayar da hayaƙin cikin manifol, wato bututun da ke kai iska cikin silinda, a sake ƙona shi. Sai dai hayaƙin ba ya tafiya shi kaɗai, yana ɗauke da tururin mai da na ruwa. A injin da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda, fetur ba ya wanke bayan bawulolin shigar iska, sai man ya riƙa manne musu yana ƙonewa har ya zama gawayi.

Kada ka fara da sayen gwangwanin tare mai, wato wanda ake sawa tsakanin PCV da manifol don ya tare man kafin ya isa bawulolin. Fara da bawul ɗin kansa. In irin mai cirewa ne, cire shi ka girgiza. Ka ji yana ƙaras-ƙaras, da sauran rai, ka ji shiru, ya toshe, canza shi. Bi tiyoyinsa da hannu, wanda ya tsage ko ya yi laushi ka sauya. Sannan ka tayar da injin, ka sassauta murfin zuba mai. Ya kamata ka ji ɗan zuƙo kaɗan. In kuwa hayaƙi ne ke bugo murfin da ƙarfi, ga shuɗin hayaƙi a salansa, to ringi ya cinye, kuma babu gwangwanin da zai yi maganin wannan.

Wajen zaɓen gwangwani, buɗe shi ka leƙa. Dole a samu shinge ko ragar ƙarfe a ciki, domin a jikinsu tururin ke bugawa ya zama ɗigo ya faɗi ƙasa. Wanda cikinsa fayau ne, tururin wucewa kawai zai yi.

Ɗaure shi a tsaye, nesa da zafin salansa, a inda hannunka zai kai. Cire tiyon da ya haɗa PCV da manifol. Daga PCV ka kai sabon tiyo zuwa ƙofar shiga ta gwangwanin, daga ƙofar fita kuma zuwa manifol. Tiyon ya zama mai jure mai, mai kauri, wanda zuƙo ba zai maƙure shi ba, faɗinsa kuma kada ya gaza na asali. Matse kowane kilif sosai, don ƙaramar kafa ta isa ta sa injin rawa. Mota mai tarbo tana buƙatar bawul mai hanya ɗaya, kada matsin iska ya koma ƙasan injin. Ban yarda da sakin tiyon a fili ba. Ƙasashe da yawa sun hana, kuma kai ne za ka shaƙi warin.

Bayan kilomita 1,000 ka kwance gwangwanin ka ga abin da ya tara, daga nan za ka gane tazarar juye shi. In ya cika, injin zai zuƙe shi gaba ɗaya. A ƙasashe masu ƙanƙara ruwan ciki na daskarewa ya toshe hanya, sai a yawaita dubawa. Abin da ka juye mai ne gauraye da ruwa da fetur, kada ka mayar da shi cikin injin. Haɗa shi da tsohon mai a kai inda ake karɓarsa.