Yadda ake lalubo lambar littafi a WebDewey ba tare da an jefa shi kantar da ba tashi ba

Ƙannena masu karatun aikin laburare da kuke zuwa mana koyon aiki nan Katsina, da ku nike. Kusan duk wanda aka turo mana abu ɗaya yake yi, a ba shi littafi ya kalli bango ya ɗauki kalma ɗaya ya buga a kwamfuta, lambar da ta fara fitowa ya kwafe ya ce ya gama. Wallahi abin nan yana damuna, don littafin da aka ba lambar da ba tashi ba kamar an binne shi ne, yana cikin ginin amma mai nema sai ya gaji ya tafi.

Tsari biyu ne muka fi aiki da su. Akwai na Dewey, wanda Melvil Dewey ya fara fitarwa a 1876, ya raba ilimi gida goma daga 000 zuwa 900, bugu na 23 ya fito a 2011 mujalladi huɗu, wanda ya taɓa ɗaukarsu ya san nauyinsu. Na intanet ɗinshi shi ne WebDewey, OCLC, wata ƙungiyar laburare ta Amurka, ce ke riƙe da shi. Sai na Laburaren Majalisar Dokokin Amurka mai haruffa, wato lambobinshi da haruffa suke farawa, wanda jami'o'inmu suka fi amfani da shi, nashi na intanet Classification Web. Duka biyun sai laburarenku ya biya kuɗin shekara a ba ku fasawod, ba kyauta ba ne.

Kafin ka taɓa kibod, riƙe littafin tukuna. Duba shafin abin da ke ciki, karanta gabatarwa, ka tambayi kanka wai mi marubucin nan yake magana a kai, kuma ta wace fuska. Wannan "ta wace fuska" ɗin ita ce aikin gaba ɗaya, don Dewey ba ya tara abu wuri guda saboda sunanshi ɗaya, fannin ilimi yake bi.

Ga misali daga gida. An kawo maka littafi kan auduga, a ce ta yankin Funtuwa. Ka shiga WebDewey, a akwatin nema ka rubuta sunan auduga da Turanci, tunda manhajar Turanci take ji. Abin da na fi so shi ne ka zaɓi neman cikin fihirisa, don ita ce za ta jero maka kalmar da duk gidajen da take zaune. Za ka ga noman auduga 633.51, saƙa da masana'antarta 677.21, tattalin arziƙin nomanta kuma can 338.17351. Auduga ɗaya, gida uku, to in littafin naka kan iri da taki da feshi ne na farko ne gidanshi, in kan farashi da yawan abin da ake nomawa ne na ukun, kuma kwamfuta ba za ta gaya maka wanne ba ne, kai da ka buɗe littafin kai ka sani.

To ka zaɓi ɗaya, kar ka kwafe tukuna, danna lambar ka shiga cikinta. A nan burauzin yake farawa, kamar dai ka je kasuwar Charanchi ka tambayi layin 'yan hatsi aka nuna maka da hannu, ai ba za ka tsaya rumfar farko ka auna ba sai ka ɗan zagaya. A sama za ka ga tsanin da lambar ta sauko ta kai, 600 fasaha, 630 noma, 633 amfanin gona, har zuwa inda kake. Hau mataki ɗaya ka ga maƙwabta, sauka ƙasa ka ga ko akwai lambar da ta fi matse zancen littafin. In tsanin bai yi kama da littafin ba, misali littafin kasuwanci ne amma kana ganin kanka ƙarƙashin noma, koma baya ka ɓata hanya.

Sai bayanan da ke ƙarƙashin lambar, dan Allah ku riƙa karanta su, nan ne yara ke tsallakewa saboda ƙananan rubutu ne. Wani zai ce maka a ajiye kaza a nan, wani ya ce kaza kam a kai shi lamba kaza, wani ya tura ka littafin jagora inda aka bambance lambobi biyu masu rikitarwa. Akwai kuma wanda ke cewa "har da" kaza da kaza, su waɗannan kamar baƙi ne da aka ba masauki kafin a gina masu ɗaki, shi ya sa ba a yi masu ƙarin lamba, a bar su yadda suke.

Ƙarin lamba kuma ba a yin shi da ka. Ana son nuna cewa noman audugar na Najeriya ne, sai a je teburan ƙarin lamba na Dewey, a ɗauko 09 mai nuna wuri daga tebur na 1, a ɗauko 669 wanda shi ne Najeriya daga tebur na 2, a haɗa ya zama 633.5109669. WebDewey yana da wajen gina lamba da zai bi da kai mataki mataki, yana taimakawa sosai, amma ni har yanzu sai na lissafa da fensir na gwada da nashi. Ɗigo ɗaya ne tak, bayan lamba ta uku.

Inda na fi son ku natsu shi ne littattafanmu na Hausa da na Larabci, don nan aka fi yin ɓarna. Ni kaina farkon fara aikina duk littafin da na gani da rubutun Larabci 297 nike zuba shi, wai addinin Musulunci, sai ran nan wani malami ya zo neman littafin nahawu ya yi ta duba sashen harsuna bai gani ba, alhali muna da shi, ni na ɓoye mashi shi da hannuna. Har yau in na tuna sai raina ya sosu. Nahawun Larabci 492.75 ne, Alƙur'ani da tafsiri suna 297.122, shari'ar Musulunci kuma 340.59 take cikin doka. Hadisi ku kula, bugu na 23 ya mai da shi 297.125 daga 297.124, saboda haka in kun ga tsofaffin littattafai a kanta da 297.124 ba kuskuren magabata ba ne, ku tambayi ogan sashe wacce gida ke bi.

Hausa kuma harshen 493.72, adabin 893.72. Ƙamus da nahawu na farko, waƙa da wasan kwaikwayo da ƙagaggun labarai na biyu. Littafin lissafi da aka rubuta da Hausa fa? 510 zai tafi wajen 'yan uwanshi, harshen da aka rubuta shi da shi bai canza fanninshi ba.

In laburarenku na masu haruffa ne dabarar ɗaya ce, nema sannan zagaye. Musulunci BP, shari'arshi KBP, tarihin Najeriya DT515, Hausa PL8231 zuwa PL8234. Classification Web yana da wani waje mai daɗi da za ka sa lambar Dewey ya nuna maka lambobin haruffa da aka saba haɗa ta da su, amma shawara ce kawai yake ba ka, sai ka shiga jadawalin ka tabbatar.

In littafi ya haɗa fanni biyu daidai wa daida, Dewey ya ce a ɗauki lambar da ta fara zuwa a jerin lambobin, in uku ne 'yan gida ɗaya a hau lambar da ta rufe su duka.

Wanda ba su biya ba kuma, ko netwok ya ƙi, kar ku zauna. Jadawalin haruffan nan akwai shi kyauta a loc.gov, shafin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, ku sauke ku ajiye a waya ranar da data ta samu. Katalog ɗinsu da WorldCat, katalog ɗin haɗin gwiwa na laburarukan duniya, su ma ana duba su kyauta a ga yadda wasu suka yi da littafin, sai dai yawancin littattafan da ake bugawa nan Katsina da Kano da Zariya ba za ku same su can ba, ku ne na farko da za ku ba su lamba.

In ka samu lambarka, buga ta a katalog ɗin laburarenku ka ga su wa ke zaune a wajen, in da hali ma tashi ka je kantar da ƙafarka ka sa littafin tsakaninsu ka gani ko ya yi kama da dangi. Sannan ka rubuta ta da fensir a bayan shafin take, ka kai wa oga ya duba kafin a manna takarda a gindin littafin.