Babi na 6: Haɗa Taki da Tsare Gonar Inabi Ba Tare da Maganin Kanti Ba

Darasi na 1: Ramin taki

'Yan'uwa, sannunku da ƙoƙari. Inabi ba kamar gero ba ne da za a shuka da damina a girbe da kaka, domin itacen da kuka dasa zai yi shekaru a wuri ɗaya yana ci daga ƙasa ɗaya, kuma idan ba a mayar wa ƙasar abin da aka cire mata ba, za ta gaji. Manoman Kudan da Hunƙuyi a Jihar Kaduna, inda noman inabi ya kafu, suna samun amfaninsu ne da rani, lokacin da ƙasa ta fi buƙatar abin da zai riƙe mata laima. Takin gargajiya da ya ruɓe sosai shi ne yake yin wannan aiki. Alamar ƙasa mai lafiya ita ce idan kun tona ku gan ta da duhu, tana marmashewa a hannu, har ku ci karo da tana a ciki.

Ku nemi inuwa kusa da ruwa, ku haƙa rami mai tsawon mita 2, faɗin mita 1, zurfinsa kuma ya kai gwiwa. Mita ɗaya ita ce kimanin babban taku ɗaya na magidanci. Ku haƙa wani ramin irinsa a gefe, ku bar shi babu komai, za mu zo kansa. A ƙasan rami na farko ku shimfiɗa karan dawa ko na masara wanda aka sassare, kaurinsa ya kai tsawon tafin hannu. A kansa ku zuba ɗanyen ciyawa da ganye, sannan kashin shanu ko na awaki ko na kaji, sannan ku barbaɗa toka kaɗan da ƙasa kaɗan. Wannan shi ne hawa ɗaya. Kada leda ko batir ko fasasshiyar kwalba su shiga, haka ma ganyen inabi mai cuta.

Yanzu ku ajiye fensir ku saurara, domin a nan ne mafi yawan ɗalibai suke faɗuwa. Kowane hawa sai an yayyafa masa ruwa kafin a ɗora na gaba. Ba a ƙarshe ake zuba ruwa gaba ɗaya ba, a kowane hawa ake yi. Ƙananan halittun da suke ruɓar da kara, waɗanda ido ba ya gani, ba sa aiki a busasshen wuri, kuma idan ruwa ya yi yawa iska ba ta isa gare su.

Ga yadda za ku gane ruwan ya yi daidai. Ku ɗebi cikin hannu ɗaya daga tsakiyar tarin, ku matse da ƙarfi. Idan ɗigo ɗaya ko biyu ya fito ta tsakanin yatsu, ya yi daidai. Idan babu abin da ya fito, kuma da kuka buɗe hannu ya watse, ya bushe, sai ku ƙara ruwa. Idan ruwa ya zubo har yana bin gwiwar hannu, ya yi yawa, sai ku ƙara busasshen kara. Mu sake: a ɗiba, a matse, a duba. Ɗigo ɗaya ko biyu. Kada wanda ya ji kunya idan bai dace ba a karon farko, domin hannu ne yake koyon wannan aiki, kuma hannunku ya san ƙasa tun kafin ku san biro.

Ku ci gaba da jera hawa a kan hawa, kuna yayyafa ruwa kuna matsewa, har tarin ya kai ƙugu. Ku rufe shi da ciyawa ko tsofaffin buhuna, ku soka doguwar sanda har ƙasa. Bayan kwana 3 ku zare sandar ku taɓa. Idan da ɗumi da danshi, aiki yana tafiya. Idan ta fito a bushe da fari-fari a jikinta, ruwa ya yi kaɗan. Idan ta fito da sanyi tana wari kamar kwata, ruwa ya yi yawa. A duka biyun, komawa za ku yi ga hannu: a ɗiba, a matse, a duba.

A ajin bara wani dattijo ya kai ni gonarsa yana ƙorafin cewa wannan hanya ba ta aiki. Muka buɗe ramin da ya rufe wata 3, sai ga karan yana nan fes kamar jiya aka sare shi, har gara ta yi gida a gefe. Na ce, "Baba, sau nawa ka matsa?" Ya yi shiru. Bokiti biyu ya watsa a sama ranar farko, ya tafi abinsa. To, ni dai na gaji da ganin irin wannan. Mutum ya yi wahalar haƙa rami, ya yi dakon kashin shanu, sannan ya ƙyamaci sa hannu a ciki? Wanda ba zai matsa ba, kada ya zo ya ce mini littafi ne ya yi ƙarya.

Bayan mako 3 ku kwashe tarin da shebur ku juye shi a rami na biyu, na gefe ya koma tsakiya, na sama ya koma ƙasa, kuna yi kuna gwada ruwan da hannu. Bayan wani mako 3 ku sake juyawa. Cikin wata 2 zuwa 3 takin zai nuna: zai yi baƙi, ya huce, ya riƙa ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan fari.

Aikin gida: ku rubuta wannan jimla sau 5 a littafinku. "Zan matsa takina a kowane hawa."

Darasi na 2: Zuba taki

Kada ku zuba ɗanyen kashi ko takin da bai huce ba a gindin inabi, domin yana ƙona saiwa. Ku tona ƙasa kaɗan a kewaye, nesa da jikin itacen da kimanin tafin hannu biyu, ku zuba kwando ɗaya, ku rufe da ƙasa, ku ba shi ruwa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne sa'ad da ake yi wa inabi aski, wato datse masa rassa. Ku shimfiɗa busasshiyar ciyawa a sama saboda rana, amma kada ta taɓa jikin itacen, kuma ku riƙa ɗagawa kuna duba gara.

Darasi na 3: Ƙwari da cuta

Ku daka rabin kilo na busassun 'ya'yan dogonyaro, wanda wasu suke kira darbejiya, ku jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana. Ku tace da tsumma mai kyau don kada ya toshe famfon feshi, ku narka sabulu kaɗan a ciki, ku fesa da yamma har ƙarƙashin ganye. Rana tana kashe ƙarfinsa, saboda haka a maimaita duk mako idan ƙwarin suna nan. Idan kun ga wani abu kamar farin gari a kan ganye, cuta ce, kuma ana barbaɗa mata garin farar wuta, amma ba da tsakar rana ba, domin yana ƙona ganye. Ganyen da ya kamu a tsinke shi a ƙone, a kuma rage cunkoson rassa a kan rumfar da inabin yake hawa don iska ta ratsa.

Darasi na 4: Tsuntsaye

Idan 'ya'ya suka fara zaƙi, a rufe rumfar da raga. Wanda ba shi da raga ya sa yara gadi da safe da yamma.